Motar Gaba da Motar Baya

A gidanmu an san ni da baki. Tun ina ƙarama ba a gaya mini magana in haɗiye ta haka nan, sai na juya ta na ga bayanta. In Inna ta ce in wanke tukunya, sai na tambayi wanda ya kankare ƙanzon ƙarshe a cikinta. Baba kuwa mutum ne da in ya yi doguwar magana sau ɗaya a wuni, to ranar ya yi surutu, shi ya sa har yau ban san inda na gado wannan hali ba. Ranar da na fara ganin lauya mace, wata maƙwabciyarmu na raka kotu kan rigimar gado. Lauyar nan ba ta fi ni tsawo ba, amma ta miƙe tana zuba magana, wani ƙaton mutum mai babbar riga ya sunkuyar da kai yana ta share gumi. Na dawo gida na ce wa Inna ashe akwai aikin da ake ɗaukar mutum don ya yi gardama kawai, kuma ni shi zan yi. Ta ce ai na daɗe da kama aikin, albashi ne dai ba a fara ba ni ba.

Karatun lauya kuwa shi kowa ke rububi. Babbar jami'ar da na ƙwallafa rai a kanta tana can gaba da Kaduna, kuma yaran da suka yi makarantun kuɗi a manyan birane duk can suke nema. Ni tamu makarantar a Birnin Gwari yau a buɗe gobe a rufe, da an ji ƙishin-ƙishin 'yan bindiga sun matso sai a sallame mu. Shekarar farko na ci jarrabawar shiga jami'a, amma makina bai kai na masu karatun lauya ba, aka ce in ina so in zo in karanta wani abu daban. Na ƙi. Na zauna shekara guda ina bitar littattafan nan har gefensu ya yi laushi, ƙannena suna tsokanata wai na auri takarda. Da na sake zama, makin ya haura. Saura abu ɗaya, wato jarrabawa ta biyu wadda jami'ar ke yi da kanta a cikin harabarta, rana guda tak, wanda bai zo ba ya rasa ke nan. Baba ya ce wannan ne karo na ƙarshe, in bai yiwu ba in haƙura in nemi makarantar horon malamai. Ban ga laifinsa ba. Tun da muka baro gonarmu a Kakangi muka dawo cikin gari, hatsin wasu yake aunawa a kasuwa, kuma ina ganin yadda wuyan rigarsa ke ƙara yi masa yawa.

Jarrabawar ba ta ba ni tsoro kamar hanyar zuwa wurinta ba. Daga garinmu zuwa Kaduna titi ne guda, ya ratsa daji, kuma dajin yana da masu shi. A shekarun nan tafiya ta koma abin ɓoyewa. Da, in mutum zai yi nisa sai ya bi gida-gida ya yi sallama, tsofaffi su sa masa albarka, a ƙulla masa ɗan guzuri. Yanzu ko maƙwabcinka ba ka gaya wa, don ba ka san kunnen da maganar za ta faɗa ba. Ba a sa kaya masu kyau. Ana goge hotuna da saƙonnin da ke cikin waya. Takarduna na makaranta Inna ta naɗe su cikin leda ta tura tsakiyar ƙullin busasshiyar kuɓewa da za mu kai wa Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke aure a garin da jami'ar take. In aka tare mu, ni 'yar ƙauye ce za ta je taya gwaggonta aiki, ban san ko alif na boko ba.

Akwai kuma wata doka da ba wanda ya kafa ta amma kowa ke bi, ita ce mutum biyu 'yan gida ɗaya ba sa shiga mota ɗaya. In aka kwashi mutum ɗaya daga gida, sauran za su yi fafutukar fanso shi. In aka kwashi biyu, gidan ya durƙushe. Miji da mata sai su je tasha tare su rabu kamar ba su san juna ba. Ni kuma budurwa ce, Baba ba zai bar ni in yi wannan tafiya ni kaɗai ba, don haka zai raka ni, amma ba a kujera ɗaya ba.

Ana gobe za mu tashi, bayan la'asar, ya kira ni zaure. Yana zaune yana gyara igiyar buhu, bai ɗago ba.

"Gobe in Allah ya kai mu, ni zan shiga motar farko. Ke ki jira ta biyu."

"Me ya sa ba ni zan shiga ta farkon ba, Baba?"

"Don in riga ki isa, in nema mana motar da za ta ƙarasa da mu."

Na san ba shi ne dalili ba. Yaro ma ya san motar farko ita ke share hanya, in akwai abin da ya kwana a bakin titi ita zai fara gani. Na buɗe baki na kawo hujja kan hujja. Na ce in wani abu ya same shi wa zai riƙe Inna da yara, na ce ni ba ni da nauyin kowa, na ce to mu bari sai ranar da sojoji ke rakiya, alhali na san in muka jira ranar jarrabawa ta wuce. Ya bar ni na gama tas.

"Kin gama?" ya ce. "To ji nawa. In kika sauka a tashar Kaduna ba ki gan ni ba, kada ki jira ni. Kada ki juyo. Ki nemi mota ki wuce gidan gwaggonki, ki kwana, ki rubuta abin da ya kai ki."

"In bar ka a ina?"

"Inda Allah ya ajiye ni. Juyowarki ba za ta fito da ni daga ko'ina ba. Ce mini kin yi alkawari."

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa yana jira, kuma a wajen jira ba mai kayar da Baba. Daga ƙarshe na ce na yi alkawari, raina a ɓace don na ga an ci ni da ƙarfin uba ne kawai.

Da safe muka isa tasha, shi a gaba ni a baya, da ɗan rata tsakaninmu. Motar farko wata shuɗiya ce da ta ga duniya, ƙofarta ɗaya ta baya ja ce, da alama daga jikin wata motar aka ciro ta. An ɗaure mata buhunan gawayi a sama. Baba ya shiga ya zauna jikin jar ƙofar nan. Da za su tashi bai ɗaga mini hannu ba, ni ma ban ɗaga ba, ya dai dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Tamu ta daɗe ba ta cika ba. Na zauna a tsakiya, ƙullin kuɓewa a cinyata, kusa da wata dattijuwa mai kai daddawa kasuwa, warin kayanta ya cika motar har wani saurayi ya ce ko 'yan daji suka tare mu warin nan zai kore su. Ba wanda ya yi dariya. Direba ya ce masa ya iya bakinsa.

Direbobin hanyar nan da motocin da ke tahowa suke gane lafiyar titi. Muddin ana wuce ka jifa-jifa, ana ɗan ƙyafta maka fitila, to gaba lafiya. In ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba, to wani abu ya tsare su. Da farko mun yi ta gamuwa da motoci, har da wata babbar mota cike da shanu, na ji hankalina ya ɗan kwanta. Gonaki suka ƙare, bishiyoyi suka matso bakin titi, ciyawa ta fi mutum tsayi don damina ta yi nisa. Ban lura da lokacin da hirar mota ta mutu ba. Na dai ga direba ya kashe rediyo, ya sauke gilas, ya rage gudu. Babu mota, babu babur, babu ko mai keke. Dattijuwar nan ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Direba ya tsaya a gefen titi. Wasu suka ce a juya, wasu suka ce juyawar ma ba tabbas. Muna cikin haka sai ga wani mai babur ya fito daga gaba a guje, bai tsaya ba, ya dai ɗaga murya yana wucewa: "Sun tare, amma sun shiga daji! Sun tafi!" Direbanmu ya ce yanzu ne hanya ta fi lafiya, tunda sun samu abin da suka fito nema ba za su dawo nan kusa ba. Na tsani maganar nan har cikin raina, ga shi kuwa ita ce ta wuce da mu. Ya ce kowa ya sunkuyar da kai, ya taka mota.

Ban sunkuya ba. Da muka sha wata kwana na ga motoci a tsaye barkatai, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki. Takalma a watse a kan kwalta, da wani ɗankwali, da kwanon abinci a kife. Ta biyun shuɗiya ce, buhun gawayi ɗaya ya faɗo ya fashe, jar ƙofar tana buɗe. Ban san na yi ihu ba sai da na ji hannun dattijuwar nan a bakina, tana danne kaina cikin cinyarta. Ina cewa a tsaya, babana ne, babana yana ciki, tana cewa, "Yi shiru 'yar nan, ba kowa a ciki, yi shiru kada ki sa a kashe mu." Direba bai ko taɓa birki ba. Na daɗe ina jin haushinsa, amma da ya tsaya ban san me zan yi ba, sai dai in tsaya a titi ina kiran Baba cikin ciyawa.

A tashar Kaduna na bi motocin Birnin Gwari ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, kamar ban ga abin da na gani ba. Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. 'Yan kamasho sun riga sun ji labari, suka ce an tafi da wasu, wasu sun tsere cikin daji, ba wanda ya san waye da waye. Ga motar komawa gida tana lodi a gabana. Ƙafafuna suka kai ni har bakinta. Dattijuwar daddawa, wadda ban san tana biye da ni ba, ta riƙo hijabina ta tambaye ni ina za ni. Na gaya mata komai, har abin da ke cikin kuɓewa, na manta da duk wata doka. Ta ce, "Shi ya ce ki wuce?" Na ce e. Ta ce, "To uban wa kike so ki koma ki yi wa gardama?" Ta ja ni har inda ake shiga motar garin Gwaggo, ta tsaya sai da ta ga mun tashi. Ban tambayi sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba.

Gwaggo na ganina ni kaɗai ta leƙa bayana. Da na faɗa mata ta zube a tsakar gida, maƙwabta suka shigo. Aka yi ta kiran 'yan uwa a gida, layi yana shiga yana yankewa, kowa abin da zai ce shi ne ba a ji komai ba tukuna. Inna kuwa kuka kawai take yi a waya. Da na fito da takarduna daga cikin kuɓewa ina kakkaɓe su, Gwaggo ta dube ni da jajayen idanu.

"Wai ke zuwa za ki yi? Wace irin 'ya ce za ta zauna rubutu ubanta yana hannun mutanen daji?"

Na ce shi ya sa ni alkawari. Ta ce alkawarin lafiya daban, na yau daban. Tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun daga tasha, kuma ina tsoron Gwaggo ce mai gaskiya. Ina tsoron a ce an kashe shi a daidai lokacin da nake zaɓar amsa, in rayu ina sanin haka. Ina kuma tsoron ya fito ya tarar ya shiga motar farko a banza. Ban ci abinci ba, ban buɗe littafi ba. Da gari ya waye sai na ga Gwaggo ta yafa mayafi tana jirana a bakin ƙofa, fuska a kumbure. Ta ce, "Tashi mu je. In ya dawo ya ji ban kai ki ba, ni zai ci."

Ban taɓa ganin taron matasa irin na bakin ƙofar jami'ar nan ba, kuma ka tambayi mutum uku, biyu lauya suke so su zama. Wasu iyayensu suka kawo su cikin motoci masu sanyi. Wata yarinya a gabana uwarta tana gyara mata wuyan riga tana ba ta ruwan gora, ubanta yana cewa kada ta yi gaggawa, ta karanta kowace tambaya da kyau. Na ji na tsane su ba su yi mini komai ba. Aka karɓi wayoyinmu. A bakin ɗaki akwai na'urar da ake ɗora babban yatsa ta tabbatar kai ne, ta ƙi karɓar nawa saboda gumi. Mutumin da ke wurin ya ce in goge a hijabi, na goge, ta sake ƙi. Ya ce, "Ke kwantar da hankalinki, jarrabawa ce ba lahira ba." Na goge da ƙarfi har yatsan ya yi zafi, sannan ta karɓa.

Ƙannen ƙawayena kan tambaye ni yanzu yadda na yi na ci jarrabawar nan har aka ɗauke ni, wai in ba su sirri. Ba ni da shi. Ban tuna tambaya ko ɗaya ba. Na san dai akwai Turanci da adabi da tsarin mulki, na san hannuna yana ta danna amsa kamar ba nawa ba, shekarar nan da na yi ina bita ita ta zauna ta rubuta. Ni ina can kan kwalta wajen buhun gawayi. Duk sanda aka buɗe ƙofar ɗakin sai in ɗauka an zo kirana a gaya mini.

Na fito na karɓi wayata na kunna, ban kai inda Gwaggo ke zaune a gindin bishiya ba ta fara ruri. Lambar Baba ce.

A wajenmu ba a murna da irin wannan kira. In mutum ya ɓata a hanya aka ga lambarsa, yawanci ba shi ba ne, waɗanda suka riƙe shi ne ke bin sunayen da ke cikin wayarsa. Wani lokaci su sa shi ya yi magana da kansa, bindiga a kansa, suna saurare su ji irin gidan da ya fito. Don haka ba ka fara magana, ba ka kuma faɗin abin da zai nuna kuna da wani abu. 'Ya a jami'a kuwa, ai ka gaya musu ubanta mai hali ne ke nan. Na ɗauka na kara a kunne na yi shiru. Can ɓangaren ma shiru, sai iska da kukan akuya.

"Ke ce?" Muryarsa ce, a dushe.

"Ni ce."

"Kina ina?"

Ga hayaniyar ɗalibai a bayana, na toshe bakin wayar da hannu na matsa jikin katanga. Na sa muryar 'yar ƙauye na ce, "Ina gidan Gwaggo. Wanke-wanke nake yi mata."

Ya yi shiru mai tsawo. Na ɗauka suna gaya masa abin da zai ce ne, na runtse ido ina jiran in ji baƙuwar murya.

"Wanke-wanke," ya ce a hankali. "Yanzu? Ba ki je ba ke nan." Ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba. "Na kwana cikin rami, ƙaya ta gama da ƙafata, ina ta ce wa kaina ba komai, yarinyar nan ta wuce, tana can za ta rubuta. Ashe ba ki je jami'ar ba."

Da ya ce jami'a na gane. Da akwai bindiga a kansa, ko za a yanka shi ba zai furta kalmar nan ba.

"Baba, kai kaɗai ne? Ba sa wurin?"

"Su wa? Na tsere tun jiya, direba na taka birki muka watse. Ina wani ƙauye, yanzu aka sa mini caji. Ba dukkanmu muka fita ba." Ya ja numfashi. "Me ya hana ki zuwa?"

"Na je, Baba. Ina bakin ƙofar ma yanzu haka. Na ɗauka suna saurare ne. Na rubuta, wallahi na rubuta, har ta ƙarshe."

Bai amsa ba. Na ce Baba, na sake cewa Baba, na duba wayar ko ta yanke, ba ta yanke ba. Sai na ji wani sauti da ban sani ba, na ɗauka tari ne. Mutumin nan ko ranar da muka baro Kakangi da kaya a ka, dawarmu tana tsaye a gona ba mu girbe ba, ban ga hawayensa ba. Na sulale na zauna a ƙasa jikin katangar, 'ya'yan mutane suna tsallake ƙafafuna, Gwaggo ta taho a guje mayafinta na jan ƙasa tana tambaya ya mutu ne, ya mutu ne. Na girgiza mata kai. Shi yana kuka can, ni ina yi nan, ba wanda ya ƙara cewa komai har katin wayarsa ya ƙare.